Ranar Da Muka Kai Fatsar Gashin Tsuntsu Ƙoramar Kudancin Rusairis

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar gona da farashin dawa mu gangara bakin ruwa, domin akwai wata tafiya da muka yi tun cikin watan Oktoba na 2010 wadda muka daɗe muna son ba ku labarinta. Wurin da muka je ɗin kuwa, yanzu in tafki ya cika ba mai iya taka shi da ƙafa, sai dai mutum ya bi ta kansa a cikin jirgi.

Musabbabin tafiyar shi ne ɗan yayarmu, wanda ya yi shekara 4 yana aiki a ƙasar Kenya, ya zo hutu Damazin riƙe da wani dogon bututu kamar wanda magina ke zuba taswira a ciki. Da aka buɗe sai ga sanda gaɓa huɗu, siririya, in an harhaɗa ta tsawonta ya kusa mita 3, amma nauyinta bai kai na ludayi ba. A gindinta akwai wani ɗan faifai mai naɗe igiya kamar ƙwarƙwaron masaƙa. Sa'an nan ya fito da wani ɗan akwati, ya buɗe, matan gida suka ja da baya suna salati, don sun zaci ƙwari ne ya tara. Ashe ƙugiyoyi ne ƙanana, an ɗaure wa kowace gashin tsuntsu da zare, wata ta yi kama da sauro, wata fara, wata shinge, wata kuwa tsutsar ruwa sak.

Ya ce da wannan ake kama wani kifi a rafukan kan dutse wanda Turawa ke kira turawut, Larabawa kuma su ce masa salmon mai ɗigo-ɗigo. Muka ce to, a ina za ka same shi a Nil Azrak? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai babu shi a nan, kuma ba zai taɓa zama ba." Gaskiyarsa kuwa. Shi wannan kifi ɗan ruwan sanyi ne, ba ya jin daɗi sai a ruwa garau mai gudu wanda sanyinsa ke ƙasa da digiri 20, in zafin ruwa ya doshi 25 sai ya fara galabaita ya mutu. Damazin kuwa tudunta bai kai mita 500 daga fuskar teku ba, kuma kowa ya san abin da watan Afrilu ke yi mana, inda ma'aunin zafi ke haura 40 kamar wasa. A Gabashin Afirka ma baƙo ne. Wani Bature mai suna Grogan ne ya kawo shi Kenya a 1905 aka zuba a kogin Gura da ke gangarowa daga duwatsun Abadiya, daga can kuma aka ɗebi iri aka kai duwatsun Bale na Habasha a ƙarshen shekarun 1960. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne jin cewa tun ƙarshen shekarun 1940 Turawan mulki sun zuba shi a kogin Kinyeti da ke duwatsun Imatong, can kudu, inda dutsen Kinyeti mai tsawon mita 3,187 yake. A lokacin da muke wannan hira ƙasar ɗaya ce, saura wata 3 a yi ƙuri'ar raba gardama ta Janairun 2011. Watau da kifin da dutsen duk namu ne a ranar, kafin shekara ta zagayo sun zama na maƙwabta.

To, tun da yaro ya ɗauko sanda tun daga Nairobi, ba a bar ta a jingine ba. Muka ce akwai wanda ya kamata ya gan ta.

Wannan kuwa wani dattijo ne masunci da ke wani ƙauyen Hausawa a gabashin kogi, kudu da Rusairis, wanda kowa ke ce wa Baba, har waɗanda suka girme mu. Bakabe ne. Kakansa ya baro ƙasar Argungu da niyyar aikin Hajji a ƙafa, ya bi hanyar da dubban kakanninmu suka bi, ta Barno da Fallomi da Abeshe da Jinaina da Lubayya, ana tafiya ana yada zango ana noma ana tara guzuri. Da ya iso Nil Azrak ya tarar da jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda aka kashe a Burmi a 1903, sun riga sun kafa garinsu kusa da Sinnar. Ya ga ruwa, ya ga kifi, ya ga mutanen ƙasar ba su cika damuwa da su ba, sai ya ce bari ya ɗan tara kuɗin jirgin Jidda. Tarin kuɗin nan ne har yau jikokinsa ke yi. Da yawa daga cikinku masu karatu, daga Galgani har Wad Nayyal, in aka tona labarin gidanku ba zai wuce haka ba.

Muka yi sammako bayan sallar Asuba, muka sha shayi da zalabiya wajen wata mai shayi a bakin kasuwa, muka hau bayan boksi. Damazin gari ne da madatsa ta haifa. Kafin a fara ginin khazzan a 1961 wurin ba kowa ba ne face duwatsu a tsakiyar kogi da ruwa ke karo da su yana kumfa, kuma saboda waɗannan duwatsu ne injiniyoyi suka zaɓi wurin, don a sami gindi mai ƙarfi. Aka gama a 1966. Rusairis ce tsohuwa, tana tsallake a kan tuddanta, cikin kukoki da goruba. A shekarar da muke magana kamfanonin ƙasar Sin suna tsakiyar aikin ƙara wa madatsar tsawo, manyan motoci na ta zirga-zirga da ƙasa da tsakuwa, ƙura ta rufe ko'ina. Muka haye, muka wuce Ganis, muka miƙa kudu.

Wanda bai san wannan yanki da kaka ba bai san shi ba. Baƙar ƙasar nan da ke riƙe mota kwana uku da damina ta fara bushewa tana tsattsagewa, ciyawa ta fi mutum tsawo, dawa ta yi kai, masu yankan riɗi sun jera dammuna a tsaye cikin gonaki suna fargabar kada ruwan ƙarshe ya sauko ya zubar musu da wahalarsu. Can gabas da kudu duwatsu sun fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, shuɗi-shuɗi, suna nuna hanyar Fazugli da iyakar Habasha. A wajejen nan ne Muhammadu Ali Basha na Masar ya zo da kansa neman zinariya a 1839, yana tsoho, ya koma bai sami abin da ya zata ba.

Mun iske Baba a ƙarƙashin rakuba yana gyaran taru, da zare a haƙori. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yaro ya durƙusa ya miƙa masa akwatin. Ya daɗe yana jujjuya ƙugiya ɗaya a tafin hannu, ya kai ta hanci ya shinshina.

"Ɗan nan, ina koton?"

"Shi ke nan koton, Baba."

"Gashin kaza?"

"Na zakara ne, Baba, da na zomo kaɗan."

Ya dube mu ya ce, "Malam, kifin ƙasar Turawa azumi yake yi?" Aka yi ta dariya. Amma mun lura bai mayar da ƙugiyar ba. Ya tambayi wanda ke ɗaurawa, yaro ya ce a Kenya sana'a ce sosai, akwai masana'antu da mutane ke zaune tun safe suna ɗaura irin waɗannan da hannu ana kai wa Turai da Amurka. Baba ya kaɗa kai. Ya ce in dai abin da ke cin ƙwaro a saman ruwa ake nema, to ba babban kogi za mu ba, akwai wata ƙorama.

Ƙorama, wadda Larabawan nan ke ce wa khor, ita ce sirrin kifin wannan ƙasa, kuma Baba ya yi mana bayaninta muna tafe a ƙafa, shi a gaba da gorarsa da ɗan buhu. Nil Azrak daga tafkin Tana na Habasha yake fitowa, kuma kusan duk ruwansa na shekara cikin wata huɗu yake zuwa, daga Yuli zuwa Oktoba, jajawur da laka. In damira ta zo kogi ya cika ya tura ruwa cikin bakin ƙoramu, su kuma ƙoramun suna kawo nasu daga kan duwatsu, sai kifi ya bi sabon ruwa ya haura. A can cikin ciyawar da ruwa ya shanye yake zuba ƙwai, a can 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya daga manya. In ruwa ya fara ja sai iyaye su gangara, 'ya'ya su biyo baya, waɗanda suka yi nawa kuma su maƙale a gurabe har rani ya ƙone su ko tsuntsaye su tsince. Ya ce, "Kogi kasuwa ce, Malam. Ƙorama ita ce ɗakin haihuwa."

Tafiyar sa'a guda da rabi ta kai mu inda ƙasa ta ƙare dutse ya fara. Ƙoramar ba ta fi taku 6 a faɗi ba. Ta ratso tsakanin manyan duwatsu masu santsi, ta zubo a kan wani falalen dutse, ta taru a gurbi, ta sake silalewa ta cikin tsakuwa zuwa gurbi na biyu, sa'an nan na uku wanda ya fi su zurfi, inda wani ƙaton ɓaure ya miƙa rassa har tsallake. Gora ta yi duhu a gefe guda, ga tsamiya, ga kanya. Ruwan ya kwanta ya yi garau har kana ƙirga tsakuwar ƙasa, abin da ba a gani a babban kogi sai can cikin rani. Wani guza ya ji motsinmu ya faɗa ruwa, gwaggon biri na ta yi mana tsawa daga kan dutse. Yaro ya tsoma hannu ya ce in ban da ɗumin ruwan, da sai ya rantse a Abadiya yake.

Yanzu bari mu gaya muku yadda wannan fatsa take, don ta saɓa da tamu. A fatsarmu nauyi yana ƙarshen zare, dalma ce ko koto, ka wurga ya ja zaren ya tafi. A wannan kuwa ƙugiyar ba ta da nauyin komai, in ka jefa ta da hannu a gabanka za ta faɗi. Nauyin yana jikin igiyar ne, mai kauri, an shafe ta da roba don ta yi iyo. Mai fatsa zai riƙa kaɗa sanda gaba da baya, igiya na warwarewa a iska kamar bulalar makiyayi, har ta yi tsawon da yake so, sa'an nan ya sake ta ta kwanta a kan ruwa. A ƙarshenta akwai siririn zaren roba wanda ido ba ya gani, shi ne ke ɗauke da ƙwaron ƙarya ya ajiye shi a hankali kamar iska ce ta jefo shi. Ana tsayawa daga ƙasa a jefa sama, domin kifi kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, sai ƙwaron ya gangaro masa da kansa.

Haka abin yake a faɗe. A aikace kuwa, jifan farko reshen ɓaure ya kama. Na biyu gora. Na uku ya sauka a ruwa, amma kafin nan yaro ya riga ya tsaya ƙiƙam a kan falalen dutse da farar riga, inuwarsa ta ratsa gurbin, muna kallo kifayen suka watse kamar an watsa tsaba. Baba na zaune a gindin tsamiya bai ce uffan ba sai da aka yi asarar ƙugiya uku. Sa'an nan ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Sauko, jikana. Tuɓe rigar nan."

Ya sa muka zauna shiru wajen rabin sa'a, ba mai motsi. Ya kama wata fara a cikin ciyawa, ya karya mata ƙafa ɗaya, ya rarrafa ya jefa ta a saman gurbi na biyu inda ruwa ke shigowa. Ta gangaro tana shure-shure. Ba ta yi taku biyu ba sai muka ji ɓal, ruwa ya yi zobe, fara ta tafi. Ya sake jefa wata, aka sake ɗaukewa a daidai wurin, gefen wani dutse inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce. Ya juyo ya ce, "Ka ga gidansa. Tun muna yara haka muke yi da karan gora da zaren kaba. Ba Bature ne ya fara ba kifi fara ba, shi dai ya fara yi masa ƙarya." Ya buɗe akwatin da kansa ya zaɓi wadda ta fi kama da farar wurin, mai ruwan ƙasa, ya ce a guga mata ɗanyen ganye don ta bar warin hannu.

Yaro ya durƙusa a bayan dutse, tsirara daga ƙugu zuwa sama, ya kaɗa sandar a kaikaice ƙasa-ƙasa don gudun rassa. Ƙwaron ya sauka. Ya taho, ya taho, ya iso gefen dutsen nan. Ɓal!

Ba mu taɓa zaton ɗan kifin da bai fi tafin hannu da yatsu ba zai iya lanƙwasa sanda haka. Ya yi sama ya yi ƙasa, ya yi tsalle sau biyu yana walƙiya, kafin a jawo shi bakin tsakuwa. Kawara ce, fara tas kamar sabon kwano, da jar wutsiya da baƙin ɗigo a gindinta. Abin sha'awa, sunan nan ɗaya ne a bakinmu da bakin Larabawan Sudan, su ma kawara suke cewa, alhali sauran duk sun bambanta: giwan ruwa su ce ijil, karfasa bulti, tarwaɗa garmut, ƙurungu gargur, tsage kas, minjirya barada. Yaro ya nuna mana wani ɗan tsoka da ke bayanta tsakanin ƙayar baya da wutsiya, ya ce turawut ma yana da irinsa daidai wurin. Baba ya ce to ai shi ke nan, ka sami ɗan'uwansa na ƙasar zafi.

Sai kuma rigima ta tashi. Yaro ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar, wadda dama ya danne mata haƙori don kada ta yaga baki, ya mayar da kawarar cikin ruwa, ya riƙe ta har ta farfaɗo ta sulale. Baba ya miƙe tsaye.

"Me ka yi haka?"

"Haka ake yi a can, Baba. A kama a saki."

"A wahalar da bawan Allah, a huda masa baki, ba don ci ba, ba don sayarwa ba? Don me?"

"Don nishaɗi, Baba. Kuma don gobe a sake samunsa."

Baba ya ce shi bai san nishaɗi da ran wani ba. In ka kama halal ɗinka ka yi bismilla ka ci, in ba ka da bukata ka bar shi a gidansa. A nan mu dai muna bayan Baba, kuma har yau ba mu sauya ba, domin wasa da kifi sai wanda tukunyar gidansa ta riga ta tafasa. Amma da hira ta yi nisa sai ta bayyana su biyun ba su yi nesa da juna kamar yadda suka zata ba. Baba da bakinsa ya ce a gidansu ba a taɓa kifi mai ƙwai in yana hawan ƙorama, ba a tare bakin ƙorama gaba ɗaya sai an bar ƙofa, kuma duk abin da ya bi ta idon taru mai yatsa uku na kogi ne, ba naka ba. A ƙasar kakanninsa Sarkin Ruwa ne ke rufe gurbi ya buɗe, ba mai jefa koma sai ya yi izini, kuma a kan wannan al'ada ne bikin Argungu da aka fara a 1934 ya tsaya. Nan kuwa, in ji shi, yanzu yara sun mayar da gidan sauron da ake rabawa a asibiti abin su, suna tace ƙorama har da 'ya'yan da ba su kai farce ba, wasu su zuba magimfa ko ma maganin ƙwarin gona a gurbi su kashe na ci da na bari. Ya ce, "Gara naka, jikana. Kai ɗaya ɗaya kake zalunta."

Aka yi sulhu a kan cewa duk wadda ta kai tsawon tafin Baba da yatsunsa ta shiga buhu, wadda ba ta kai ba ta koma. Kafin la'asar an sami 11 a buhu. Mu ma an ba mu mun gwada, muka kama hular kanmu.

Da rana ta yi sanyi muka gangara gurbi na uku. Yaro ya sauya ƙugiya ya sa wata doguwa mai farin gashi da ƙyalli, mai kama da ɗan kifi, ya jefa can ƙarƙashin saiwar ɓaure yana fizgowa kaɗan-kaɗan. Abin da ya biyo baya bai fi ƙiftawar ido uku ba. Wani abu ya taso daga duhun ruwa kamar an harbo mashi, sanda ta lanƙwashe har gindi, faifan ya yi ƙara, muka ga tsage ya tashi sama ɗungurungum, tsawon damtse, da ratsin baƙi a jiki da jar wutsiya, yana girgiza kai. Ya faɗa ruwa, igiya ta dawo sakaka. Ya datse zaren kamar da almakashi. Yaro ya zauna a kan dutse hannunsa na rawa. Baba kuwa dariya har da hawaye, ya ce wanda zai gaisa da tsage sai ya sa waya, domin haƙoransa a waje suke ko bakinsa na rufe. Daga nan ya warware wata 'yar wayar birkin keke daga bakin gorarsa ya ba shi. Tsagen dai bai sake waiwayarmu ba.

A bakin gurbin muka kwana. Aka tsaga kawara aka barbaɗa gishiri da shatta, aka gasa a kan garwashin tsamiya, aka matsa lemun tsami, muka ci da kisrar da matar Baba ta ƙunsa mana. Ƙaya gare ta ƙwarai, sai mai haƙuri. Shi ya sa ba ta da daraja ɗanya a kasuwa, ita da tsage gishiri ake jibga musu a yi fasikh, wanda fatake ke kai wa har Masar, tarwaɗa kuwa a tsaga a shanya ta zama kajaik, abin miyar masu aikin gona a duk faɗin ƙasar damina. Baba ya yi ta lissafa mana waɗanda ya yi su tare da su a wannan ruwa shekara 50, Hamaj da Barta da Funj da mutanen Kudu, wanda ya koya masa gurabe, wanda shi kuma ya koya wa ɗaurin mamari. Can cikin dare ya nuna wani farin fenti da ma'aikatan madatsa suka shafa a jikin dutse, sama da kanmu. Ya ce wai nan ruwa zai kawo. Muka ɗaga kai muka duba, ba wanda ya ce komai.

Sauran labarin kun san shi, don tare muka gan shi. A farkon Satumba na 2011 yaƙi ya ɓarke a cikin Damazin kanta, hanyoyin kudu suka rufe, duwatsu suka zama wurin da ba a zuwa. A Janairun 2013 aka buɗe ƙarin madatsa, mita 10, abin da tafkin ke ɗauka ya tashi daga wajen mita biliyan 3 na asali, wanda laka ta riga ta cinye babban kaso daga ciki, ya haura biliyan 7. Wuta ta ƙaru, ruwan noman rani ya ƙaru, wannan ba mai musu. Amma dubban gidaje aka tasa daga bakin kogi aka kai sababbin garuruwa waɗanda ba su da suna sai lamba, kuma ƙauyen Baba na ciki. Sa'an nan Habasha, wadda ta fara gina tata babbar madatsar a 2011 dab da iyaka, ta fara tare ruwa a Yulin 2020, aka yi bikin buɗe ta a Satumban 2025, mai ɗaukar mita biliyan 74, watau kamar tafkin Rusairis 10. Lakar da ke zuwa da damira yanzu a can take kwanciya, ruwa na zuwa ne yadda masu injin wuta suka sake shi. Masu noman jarf a gaɓa da masu bulo su ne suka fara ji a jikinsu. Shi kuwa kifi da ke jiran jan ruwa ya ba shi labarin lokacin hawa ƙorama, ba a yi shawara da shi ba.

Mun koma a Disamban 2021, mu da Baba da wani jikansa mai tuƙa jirgi. Yaro bai zo ba, yana can wajen aikinsa, amma ya bar wa Baba sandar tun wancan zuwa. Tafki ya cika maƙil, ba iyaka, busassun itatuwa sun tsaya a cikin ruwa, tsuntsaye sun yi musu fari da kashi. Baba ya riga ya tsufa sosai, ido ya yi rauni, amma ya riƙa nuna hanya da haɓa, dama, hagu, har muka iso wani lungu tsakanin duwatsu biyu. Ya ce a tsaya. Wasu ƙirare uku sun leƙo daga ruwa. Ya ce ɓauren ke nan. Muka nemi farin fentin ba mu gan shi ba.

Ya jawo bututun daga ƙarƙashin tabarma ya harhaɗa sandar da kansa. Gaɓar ƙarshe ta taɓa karyewa, ya ɗaure ta da tsinken gora da zaren taru. Ƙugiyoyin Nairobi sun ƙare tuntuni, waɗanda ke cikin akwatin yanzu nasa ne, na gashin zabo da zaren buhu, manya-manya, kowace da 'yar wayarta. Ya kaɗa sau biyu yana zaune, igiyar ta miƙe ta kwanta a kan ƙirarin nan lafiya lau, har jikan ya ce kullum in sun fito duba taru sai ya yi haka, mutane na yi masa dariya. Ya yi jifa wajen 20. Ba abin da ya taɓa. Ya ce ruwan ya yi zurfi, na nan ba sa duban sama, sai dai a haura can inda ƙoramar ta rage a kan dutse, shi kuwa ƙafa ba ta kai shi.

Bayan wata 7, a Yulin 2022, fitinar da ta tashi kan maganar ƙasa da sarauta ta cinye Rusairis da Ganis, ta sake dawowa Wad al-Mahi a Oktoba. Ɗaruruwa suka rasu, dubbai suka bar gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, namu da na maƙwabta. Iyalin Baba a bayan lori suka fita, suka bar jirgi biyu da taru a bakin ruwa, suka sauka wajen dangi a Mai Wurno, kuma a can Allah Ya yi masa rasuwa kafin azumin 2023. Da muka je ta'aziyya jikan ya shiga ɗaki ya fito da bututun, ya ce cikin abin da tsohon ya ɗauko ranar gudu, daga Alƙur'aninsa sai wannan. Ya tambaye mu ko za mu mayar wa mai ita. Muka buga wa yaro waya, ya ce a bar masa.

Jikan ya ce ya gwada ta sau biyu a bakin kogi ƙasa da gari, wajen da ake ɗibar ruwa, da yamma in shinge ya tashi. Ya kama kawara 4, ya saki ɗaya.